Kwalbar Ruwan Isyaku

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin abin da hannuna ya aikata a goge mini shi, ba zan yi dogon tunani ba. Wata kwalba ce na buɗe a birnin Guangzhou, da azumi a bakina, na zubar da abin da ke cikinta. Aikin bai kai minti biyar ba. Yau shekara kusan talatin ina ɗauke da shi.

Abin da ya tayar mini da maganar, bana azumi ya fara komowa cikin sanyi, kamar yadda ya same mu a can. Ran uku ga wata ɗan marigayi Isyaku ya aiko mana da kwandon latas da albasa daga fadamar garinmu. Maiɗakina ta yanka, ta zuba ƙuli, ta ajiye a gabana da magariba. Kowa ya ci ya yaba. Ni na kasa kai loma ta biyu.

Isyaku sa'ana ne. Gonar ubansa da ta ubana iyaka ɗaya suke, a bakin wani kogi kudu da Kano. Da mahaifina ya rasu na sayar da rabona na shiga kasuwa, shi ya zauna yana ban ruwa. Wanda ya sayi filina daga baya ya sayar wa masu kamfanin jimar fata. Ban san haka za ta faru ba, kuma da ta faru ban damu ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 na je China sau uku, ina saro riguna a kasuwannin Shahe da Shisanhang na Guangzhou. A lokacin ba mu da yawa a garin, in ka hango baƙin mutum a titi sai ka tsallaka ka gaishe shi. In na dawo gida kuwa, a majalisar ƙofar masallaci ni ake saurara.

Sai ruwan kogin ya fara canjawa. Ya yi duhu, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yana cinye injin ban ruwa cikin rani ɗaya. Ƙungiyar manoman fadama, wadda Isyaku ke shugabanta, ta ce ya bi ni China ya samo musu injin da zai jure. Ya zo da jaka ɗaya: garin kuka, yaji, kilishi, da wata babbar kwalbar maganin tari mai ruwan ƙasa, ya cika ta da ruwan kogi ya liƙe bakinta da kyandir.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Masu ƙera injin zan nuna wa. Su ga abin da ke cinye mana ƙarfe da idonsu."

"Isyaku, China za mu fa, ba kasuwar ƙauye ba. Kada ka ba ni kunya."

Ya yi dariya ya tura ta cikin safa.

Mun sauka saura kwana kaɗan azumi. Masaukinmu yana wani lungu kusa da tashar jirgin ƙasa, ta wajen titin Guangyuan Xilu, hawa na biyar, sai matakala. Mu uku ne a ɗakin: ni, da Isyaku, da Alhaji Mamman, wani ɗan Maraɗi mai sarin agogo.

Sanyin Guangzhou ba irin namu ba ne. Namu rana na fitowa yake gudu. Nasu jiƙaƙƙe ne. Wani siririn yayyafi ne ke sauka kwana da kwanaki, bai isa a kira shi ruwa ba, kuma ba ya barin ka bushe. Ka wanke safa ran Asabar, Talata tana nan da danshi. Bargo in ka shiga kamar an fesa masa ruwa. Babu gawayi, babu inda za ka ji wuta. In ka yi alwala yatsunka sai su ƙi lanƙwasuwa. Ƙishirwa ba ta dame mu a azumin nan ba, yunwa ce, irin wadda sanyi ke haƙowa tun kafin azahar.

Muna da ɗan murhun lantarki da muke ɓoyewa ƙarƙashin gado. Mun raba aiki: Alhaji Mamman shinkafa, Isyaku miyar kuka, ni shayi. Ganyen China nake saya a ƙunshin takarda, kuma ban iya zuba shi kaɗan ba, sai ya yi baƙi ya yi ɗaci. Kullum sai sun tsokane ni. Nama kuwa sai a shagon taliya na Musulmin China masu farar hula, mu sayo kwano biyu mu raba uku.

Da azumi ya yi nisa sai bikin sabuwar shekarar mutanen China ya matso. Masana'antu suka fara rufewa, ma'aikata suka cika filin tasha da buhunan kayansu, suna zaune a jiƙe suna jiran jirgin da zai kai su gida. Kayana da na ba da a ɗinka aka ce sai bayan biki. Mai taliya ma ya ja ƙofarsa ya tafi garinsu. Muka koma shinkafa da ƙwai, sai kilishin Isyaku da muke yaga kamar takarda, kowa ɗan yatsa biyu.

Kafin a rufe na kai Isyaku wajen masu injin har uku. Ko'ina zai ciro kwalbar, ya ɓare kyandir, ya miƙa wa mai shago. Lawban, wato maigidan shagon, zai shinshina ya kau da kai ya ce, "Me yo." Babu ke nan. A baki ina ba shi haƙuri. A ciki daɗi nake ji.

A saman rufin gidan kuwa, mai masaukin, wata tsohuwa da kowa ke kira Ayi, tana shuka ganye a cikin fararen akwatunan kifi. Isyaku ba ya iya zama hannu sake, sai ya fara hawa yana taya ta. A can ya tarar da Baturen da ke ɗakin da ke kallon namu, ya tsuguna yana murza ƙasa a tafin hannu.

Da ya sauko ya ce mana, "Wannan Baturen manomi ne."

Na ce, "A goshinsa aka rubuta?"

"A hannunsa. Duk kaushi, ga farce a fashe."

Gaskiyarsa. Sunansa Alfe, amma mu Mai Dankali muka sa masa, don dankalin Turawa yake nomawa. Faransanci yake yi, saboda haka Alhaji Mamman ya zama tafinta, yana yi yana ƙorafi: "Faransancin mutumin nan irin na tsofaffi ne, sai na kasa kunne sau biyu." Daga gabashin Kanada ya fito, bakin teku, cikin wasu mutane da ake kira 'yan Akadiya. Ƙungiyar manomansu ce ta turo shi sayen kayan inji, shi ma rufe masana'antu ya tsare shi.

A hankali muka ji labarinsa. Ya ce a zamanin da, an taɓa kwashe kakanninsa a jiragen ruwa aka ƙone gidajensu. Waɗanda suka dawo suka tarar da wasu a gonakinsu, suka sake farawa a ƙasa mara kyau. Shi ya sa a wajensu ba a wasa da maganar gona. Ya ce wata shekara ya fesa wa dankalinsa magani, aka yi ruwan sama mai ƙarfi, da safe 'yarsa ta dawo daga rafi tana kuka, kifi duk ya taso ciki sama. Ya tashi a taron manoma ya ce maganinsa ne ya kashe su, kuma na kowa ma haka yake yi. Maƙwabta suka daina gaishe shi. Yanzu so yake ya tsaya takarar majalisar lardinsu, a yi dokar barin ciyawa da itatuwa tsakanin gona da bakin ruwa.

Ni ne mai Turanci a cikinmu, ni na san garin, ni na kawo Isyaku. Na yi zaton Baturen ni zai nema. Na gwada shi da Turancina na kasuwa, farashi da kwantena da kuɗin jirgin ruwa. Ya amsa da ladabi, ya juya wajen Isyaku, wanda ko "zo" bai sani ba da Turanci. Su biyun sai su wuni a kan rufi cikin yayyafi, suna nuna wa juna yadda ake ɗaga kunya, yadda ake gane ƙasa ta gaji, da hannu kawai, sai in ta kakare su kira Alhaji Mamman. Baturen ya daina cin abinci a gabanmu da rana. Da magariba yana shigowa da ƙananan lemo da dafaffen dankali, ya zauna a ƙasa kusa da Isyaku.

Wata rana ana buɗa-baki ya tambaye ni ta bakin tafinta, ni me nake nomawa.

Isyaku ya riga ni amsawa: "Garba ya fi ƙarfin fartanya. Riguna yake nomawa, sau uku a shekara yake girbi."

Aka fassara, aka yi dariya, har da ni. Na san Isyaku bai nufi komai ba, irin wasan da muka saba tun muna yara ne. Amma dariyar Baturen ta zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba.

Bayan kwana biyu na hau rufin na same su sun tare magudanar ruwa da katako. Mai Dankali ya yanka gwangwanin madara ya yi wata 'yar ƙofa mai lilo a jikin katakon. Ya ce haka kakanninsa suka ƙwaci gona daga teku: in ruwan gona zai fita sai ya tura ƙofar ta buɗe, in ruwan gishiri ya taso zai shigo sai ya tura ta ta rufe kanta. Isyaku ya ɗebo ruwa a bokiti yana zubawa ta nan, yana zubawa ta can, ƙofar na buɗewa tana rufewa. Fuskarsa kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ayi ta tsinko ganye dami guda ta ba shi. Ni da na yi zuwa uku gidan nan ko ganye ɗaya ba ta taɓa ba ni ba.

Ranar ce Isyaku ya ɗauko kwalbar. Baturen ya shinshina, fuskarsa ta canja. Ya tambayi abin da ke saman kogin, aka ce kamfanin fata. Ya daɗe yana magana, Alhaji Mamman yana bi.

"Ya ce ba inji kake bukata ba, takarda ce. Zai tafi da ruwan, akwai ɗakin gwaji a wajensu, zai aiko maka da sakamako. Ya ce ka kai wa masu mulki. In sun ƙi saurarenka, ka nemi kujerarsu." Alhaji Mamman ya cire hula ya rusuna. "To, ranka ya daɗe, Honarabul Isyaku. In ka hau kada ka manta da mai dafa maka shinkafa."

Suka yi dariya. Ni kuwa majalisar ƙofar masallacinmu na hango, kowa ya juya yana sauraren Isyaku da takardar Turawa a hannu, ni ina gefe da buhun riguna.

Saura kwana biyu Baturen ya tafi, bayan la'asar, suka hau rufi. Na ce kaina ke ciwo. Kwalbar na kan taga, Isyaku ya sake liƙe ta. Ina jin takunsu a sama da muryar Alhaji Mamman. Na ɗauke ta na shiga banɗaki, na ɓare kyandir da farce, na tuttular. Warin ya bugo ni, warin garinmu, har na ga bakin kogin da inda mahaifina ke ɗaure jakinsa. Ban tsaya ba. Na ɗauraye ta, na cika da ruwan famfo. Da na ɗaga sai na ga ya yi haske da yawa, na ɗauko ragowar shayin sahur na tsiyaya har ya yi duhu. Na narka kyandir a kan murhu na liƙe, na mayar da ita inda take, na kwanta na ja bargo.

Shekaru ina gaya wa kaina tsoro ne ya sa ni, kada a bi sawun kamfanin a iso ga filin da na sayar. Ƙarya ne. Babu wanda zai tuhume ni da wannan. Abin da na kasa jurewa shi ne mutumin da na bari a gona, wanda na ɗauka na wuce shi, ya zo garin da nake taƙama da shi a girmama shi a gabana.

Da aka sha ruwa ranar, Isyaku ya yago rabonsa na kilishi, na ƙarshe a ledar, ya ajiye a kan gwiwata. Ya ce, "Ci, ciwon kan nan yunwa ce." Na ci.

Sallah ta zo daidai da bikinsu. Gari ya yi tsit, ƙofofi duk jajayen takardu da ƙananan itatuwan lemo a tukwane. Mai Dankali ya riga ya tafi da kwalbar a cikin takalminsa na gona, bayan ya rungume Isyaku a bakin matakala. Ni hannu ya ba ni.

A gida Isyaku ya tara manoma ya ce babu inji, amma takarda na zuwa wadda ta fi inji. Suka jira har damina ta wuce. Wasiƙa ta zo. Ya sake tara su ya ce kwalbar ta tsage a hanya, ba a samu abin gwadawa ba, kuma laifinsa ne da bai naɗe ta da kyau ba. Da na ji haka na ce Allah ya rufa mini asiri. Aka sauke shi daga shugabanci. Yara suna bin sa suna kiran "Mai kwalba". Rani biyu aka yi ana ban ruwa da dafin nan. Albasa ta ƙone a tsaye, latas ya yi ja tun yana ƙarami, ƙafafun masu shiga ruwa suka yi gyambo. Mijin ƙanwata ya bar gonarsa ya koma turin baro a birni, bai sake komawa ba har ya mutu.

Isyaku bai zauna ba. Ya sa kafinta ya yi masa ƙofar nan mai lilo da katakon maɗaci, ya kafa a bakin hanyar da ruwan kogi ke kwararowa cikin fadama, ya haƙa rijiya yana ban ruwa da ita. Da aka ga gonarsa ta farfaɗo, masu yi masa dariya suka zo aron kafinta. Daga baya ya yi ta sintiri jami'a har wasu malamai suka zo suka gwada ruwan. Da siyasa ta dawo ya nemi kansila ya faɗi, ya sake nema ya ci, daga nan ya je majalisar jiha. Maganarsa ɗaya ce a can, har aka gaji da shi: kada a zuba wa kogi abin da ba a tace ba. Bai ci duka ba, amma ya ci abin da ya isa latas ya sake fitowa.

Mai Dankali ma sau biyu ya faɗi zaɓe. A na uku ya shiga majalisar lardinsu a jam'iyyar masu kare ƙasa da ruwa. Ya aiko da hoto yana tsaye a ƙofar majalisar da kwat da takalmin gona. Sun yi shekaru suna musayar wasiƙa, wannan ya ba da labarin rafinsa, wancan ya ba da na koginsa. Duk wasiƙar da ta zo sai Isyaku ya kawo mini shago ya nuna mini, ya ce, "Mutuminmu yana gaishe ka." Ni kuma in ce madalla, in wuni ban ci abinci da daɗi ba. Na gina gidan sama, na je Makka sau huɗu, amma ko sau ɗaya ban ji an ambaci sunan Isyaku a rediyo na bar akwatin a kunne ba.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Na je wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na same shi a zaure a kan tabarma, ya rame. Na jira mutane suka ragu.

Na ce, "Isyaku, akwai maganar da na zo da ita. Ta kwalbar nan ce."

Ya ɗaga hannu. Ya sa aka miƙo masa wani tsohon gwangwanin alewa, ya ciro takarda da ta yi ja don tsufa.

"Kwalba ba ta tsage ba," in ji shi. "Malamin makarantar da ya karanta mini ya ce an rubuta ruwan famfo ne da shayi." Ya yi murmushi. "Na ce lallai kuwa zai yi kauri. Kai ba ka taɓa iya zuba ganye kaɗan ba, Garba."

Na rasa inda zan sa idona. Da ƙyar na ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"Da na faɗa, da garin ya koma maganarka, a manta da kogin. Kuma Inna, mahaifiyarka, tana da rai a lokacin. Ita ta goya ni shekarar da uwata ta kwanta. Ta yaya zan sa a nuna ɗanta da yatsa?" Ya mayar da takardar. "Na yafe tun a shekarar. Masu gyambo ne ban da ikon yafewa a madadinsu."

Zan faɗi abin da ya fi kwalbar muni. Da na fito daga zauren nan, abin da ya fara zuwa zuciyata ba kunya ba ce. Haushi ne, cewa ko a nan ma ya fi ni. Sai da na kai bakin mota na gane abin da nake ji, na zauna a kan dakali na yi kuka kamar yaro. Bayan sati uku ya rasu. Allah ya ji ƙansa.

Na je wajen 'ya'yan ƙanwata na gaya musu. Babban ya tashi ya fita, har yau bai zo gidana ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ban yi karatu mai zurfi ba, ban kuma rubuta wannan don a tausaya mini ba. Roƙona ɗaya ne ga wanda ya karanta. Wata rana za a bar ka kai kaɗai a ɗaki da abin da ɗan'uwanka ya dogara da shi, kana jin muryarsa a sama yana dariya da wasu, zuciyarka tana tafasa. Don Allah kada ka yi abin da na yi. Ka bar kwalbar a kan taga, ka hau rufin ka same su.